Motar da Na Saya Tun Tana Ganye

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na sayi mota ban gan ta ba, kuma ko na so in manta, mutanen Boɗinga ba za su bar ni ba. Tun da wuri bari in rage wa mai karatu wahala: idan yana neman wawan da ke cikin labarin nan, kada ya tsaya dube-dube, ni ne. Ba wanda ya yaudare ni, ba wanda ya cuce ni. An ma gaya mini gaskiya tun farko, da Hausa, a hankali, har da maimaici. Ni na ƙi ji.

Ni ba ɗan boko ba ne sosai. Na leƙa firamare, na gaishe ta, na fito kafin a kai ga wurin wuya. (Saboda haka duk inda aka ga rubutuna ya karkace, a ɗauka salo ne.) Amma akwai ilimi guda da ko a Sakkwato ban san wanda zai ja da ni a kansa ba, wato sayen albasa tun tana ƙasa. Aikina ke nan tun ina saurayi. In tafi fadamun Dandin Mahe da Kajiji, in tsaya bakin gona, in dubi ganye kurum. Kaurin wuyansa, duhun korensa, yadda yake kwantawa in ya gaji. Daga nan in san abin da ke ɓoye cikin ƙasa, in yi ciniki da mai gona, mu tafa. Ranar tono sai a ga abin da na faɗa shi ne. Shekara da shekaru ina sayen abin da ban gani ba ina cin riba. To ka ga mutumin da ya saba haka, wa zai koya masa hankali a kan hoto?

Sai in faɗi yadda gidana yake a lokacin, don a nan abin ya samo tushe. Mai ɗakina Rabi ta rasu, Allah ya jiƙan ta. 'Ya'yana mata suna gidajen mazajensu, ɗaya Gusau, ɗaya Birnin Kebbi. Namijin, Nasiru, yana aiki Abuja. Gidan da a da sai ka ɗaga murya kafin a ji ka, ya koma ni da awaki da rediyo. Abinci matar ƙanena ke aiko mini, a ajiye kwano, a ce in ci lafiya, a juya. Gwiwoyina kuma sun yi mini tawaye, hawan kabu-kabu ya zama sai dole.

Abin da ya rage mini shi ne ceɗiyar ƙofar gida. Ni na dasa ta shekarar da aka kawo Rabi, amma gaskiya ita ta raine ta, don kwatar da ruwan wanke-wankenta ke bi daidai gindin itacen take zubewa. Ta girma har ta rufe rabin hanya. A ƙarƙashinta muke majalisa. Da can sai an ƙaro tabarma, amma mutuwa ta dinga zuwa tana ɗaukar mu ɗai-ɗai kamar mai tsince tsakuwa a gero. Muka rage 'yan kaɗan, da ni da abokina Malam Shehu tela da wasu tsofaffi da suka fi mu gyangyaɗi. Labari ma ya ƙare mana. Duk wanda ya buɗe baki, sauran sun san inda zai rufe.

Nasiru yaro ne mai kirki, kada a ce na ci namansa. Yana kira. Sai dai kiran nasa kamar allurar rigakafi yake: “Baba an tashi lafiya? Ba wata matsala? To sai an jima, ina shiga taro.” Kafin in gyara zama in share murya, ya tafi.

Rannan sai ya turo mini wani hoto mai motsi a waya. Wata sabuwar mota ce da wani kamfani na waje ya fito da ita, ba ta shan mai, wuta ake sa mata kamar waya. Bai turo don in saya ba, cewa ya yi, “Baba ga inda duniya ta kai.” Na kalla. Ga ta tana hawa dutse, tana ratsa ruwa, fitilunta kamar idon mage. Ba mutum ko ɗaya tsaye kusa da ita, ba jaki, ba komai da za ka gwada tsayinta da shi. (A riƙe wannan, zai yi amfani a gaba. Ni ban riƙe ba.) Washegari na kira shi na ce, “Wai wagga mota, yaya ake samun ta?” Jama'a, ranar muka yi magana da ɗana har wayar ta yi zafi a kunnena. Ya yi mini bayanin batir, ya yi dariya, ya ce ba ta iso ƙasar nan ba tukuna, amma ana ba da kafin alƙalami a shiga layi. Rabon da in ji dariyar Nasiru ta yi tsawo haka tun mahaifiyarsa na da rai.

Na ce a sa ni a layi.

Ya ce, “Baba, ƙarama ce fa. Ta zirga-zirgar cikin gari ce. Ka bari a kawo ta, ka zo Abuja ka gan ta, ka shiga ka zauna, in ta yi maka sai a saya.”

Na ce, “Nasiru, tun kana goye nike sayen abin da ban gani ba. Na dubi ganyenta, na san abin da ke ƙasa.”

Ya sake faɗa. Na sake faɗa. Da yake yaro ne mai tarbiyya, sai ya bar ni da halina. Na fitar da albasar da na ajiye a rudu, wato rumbunanmu na kara da muke jiran tsada da su, na sayar, aka tura kuɗin.

Yanzu dalilan da na ba mutane, don dattijo ba ya yin abu ba hujja. Na ce wanda ya shiga layi da wuri shi ke zaɓen launi, kuma na zaɓi ruwan albasa don girmama sana'a. Na ce kuɗin komai tashi yake, wanda ya jira ya gani da ido zai saya da tsada, kamar dai mai jiran a tone gona. Na ce man fetur ya zama abin da ya zama, ni kuwa na yi sallama da layin gidan mai. Na ce kuma, da murya ƙasa-ƙasa, ba laifi ba ne a ce mota irin wagga ta fara taka ƙasar Boɗinga ta ƙofar gidana. Duk waɗannan gaskiya ne. Amma dalilin da ban gaya wa kowa ba shi ne, tun da na shiga layin nan Nasiru ya koma kirana a kai a kai, yau an ce an ɗora motocin a jirgin ruwa, gobe an ce ana jiran takardu. Ni ko jirgin ya nutse ban damu ba, in dai za a kira a gaya mini.

Majalisa ma ta farfaɗo. Tsofaffin da ke gyangyaɗi suka farka. Waɗanda suka daina zuwa suka dawo, har da matasa, a miƙa waya hannu zuwa hannu a kalli motar tana hawa dutse. Ni kuma na fara rabon kujeru. Malam Shehu na ba shi gaba. Na yi wa wasu alkawarin baya. Na ce tafiyar farko Lambara za mu, mu gaida wani abokinmu da ciwo ya kwantar, daga nan mu biya Shagari in nuna wa Kulu. Kulu taubashiyata ce, ɗiyar kawuna, tsohuwa mai bakin da ko reza ta san da zamansa. Tun muna yara take cewa ba zan taɓa mallakar abin da ya fi jaki gudu ba. Na ƙudurta sai na yi mata hon a ƙofar gida har maƙwabta sun fito.

Sai maganar wurin ajiya ta taso. Mota irin wagga ai ba a bar ta waje yara su zana mata suna da ƙusa. Dole a fasa katanga a yi ƙofa. To wane faɗi? Nan ne na nuna ilimina. Ranar Juma'a na sa igiya a aljihu, bayan an sallame na lallaɓa wurin wata ƙatuwar jif da wani baƙo ya ajiye bakin masallaci, na auna ta gaba da baya ina yi kamar takalmina nake nema. Da na dawo gida sai na ƙara kamu biyu a kan igiyar, bisa hujjar cewa tawa sabon samfuri ce, kuma ban taɓa ganin sabon iri ya fi tsoho ƙanƙanta ba. (Na san abin da mai karatu ke cewa a ransa. Ya ci gaba, na riga shi faɗa wa kaina.)

Magini ya zo, ya ja igiya, ya dubi katanga, ya dubi ceɗiya, ya sosa ƙeya. Ya ce, “Alhaji, in dai wanga faɗi kaka so, itacen ga ya tare hanya. Ko a rage ƙohwa, ko a kada shi.”

Malam Shehu yana zaune yana ɗinkin hula. Bai ɗago ba ya ce, “Ka bari motar ta zo tukuna mana. Itace ba gudu shika yi ba.”

Na ce, “Shehu, baƙuwa za ta zo daga bayan teku, ka ce sai ta iso za a share mata ɗaki?”

Ya ce, “To mu hwa, ina za mu zauna?”

Na ce, “Cikin mota, ga sanyi kamar asibiti.”

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya cije zare ya ci gaba da aikinsa.

Ranar da aka zo da injin yankan itace ban iya tsayawa ba. Na shige ɗaki na ƙure rediyo, na ce labaran duniya nake so in ji. Amma da ceɗiyar ta faɗi sai da ƙasa ta motsa ƙarƙashin gadona. Da na fito, ƙofar gidana ta yi wani irin haske kamar kan da aka aske. Matan unguwa suna ta jan rassa, awaki suna bikin ganye. Kwatar Rabi kuwa ga ta nan a fili, busasshiya, tana nuna kututture kamar yatsa. Na ce da kaina, ba komai, ci gaba ne, haka yake da ɗan ɗaci.

Majalisa ta koma rumfar shagon Malam Shehu can bakin kasuwa, wai na ɗan lokaci, kafin a gama aiki. Aiki ya ƙare, aka sa ƙofar ƙarfe mai ganye biyu wadda ko tirela za ta shiga ba ta sunkuya ba. Majalisa ba ta dawo ba. Wa zai zauna a rana a bazarar Boɗinga don ya kalli ƙofa? Ni kuma bakin kasuwa ya yi wa gwiwoyina nisa. Sai in fito da kujera in bi 'yar inuwar katanga, tana matsawa ina matsawa, har ta ƙare in shiga gida. Na ce ba komai, mota na zuwa, za ta tattaro su.

Ta zo kuwa. Nasiru ya kira ya ce shi da kansa zai rako ta. Na sa aka dafa shinkafa, aka yanka rago, na aika har Shagari da Lambara. Na sa babbar rigata mai aiki wadda aka zuba wa sitaci har tana iya tsayuwa ba ni a ciki, na kafa doguwar hula. Bayan la'asar unguwa ta cika. Aka buɗe ƙofar nan ganye biyu, aka yayyafa ruwa.

Sai ga babbar mota ta shigo, Nasiru a gaba kusa da direba, a bayanta wani ɗan ƙunshi lulluɓe da tamfol. Na dubi ƙunshin na ce wa Malam Shehu, “Ka ga aikin Turawa, gunduwa-gunduwa suka aiko ta. Wanga kan ne, sauran na tahe.”

Nasiru ya sauko ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce a kunnena, “Baba, ita ke nan fa.”

Aka yaye tamfol.

Launin dai ba su ci amana ba, ruwan albasa ne sak. Fitilun ma na nan kamar idon mage. Sai dai magen 'yar jaririya ce. Abin da ya bambanta ta da keke mai ƙafa uku, ƙafa ɗaya ce da ƙofofi. Da aka gangaro da ita, ba injin da ya yi aiki, samari ne suka tallabe ta kamar masu sauke amaryar tunkiya. Can wata mata daga baya ta ce, “Allah shi raya.” Wani ya amsa, “Amin, Allah shi sa ta girma gaban iyayenta.”

Mai hankali a nan zai yi dariya tare da jama'a, ya ce a zuba shinkafa. Ni sai na ɗaure fuska na ce, “Ba ku san mota ba. Daga waje ne take haka, cikinta daula ce.” Na tattare riga na nufe ta.

Ni dogo ne, duk zuriyarmu haka muke. Na sa ƙafar dama, ta shiga. Na sunkuya, hula ta bugi rufi ta faɗo ta gangara cikin taro, sanƙona ya gaida jama'a. Na tura sauran jiki da ƙarfin zuciya, na faɗa kujera, gwiwoyina suka zo suka tsaya daidai haɓata kamar mai zaman makoki. Rigar kuwa rabinta ne ya shiga, rabin yana waje yana jiran izini. Ina ƙoƙarin jawo ta sai wata murya ta mace ta yi magana da Turanci daga cikin motar, a tausashe. Ni kuma tarbiyya ta riga tunani, na ce, “Lahiya lau, ya gajiyar hanya?” Nasiru ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. (Daga baya ya ce wai cewa ta yi in ɗaura bel.)

Shiga ashe ita ce mai sauƙi. Da na zo fita gwiwar hagu ta ƙi, ta maƙale ƙarƙashin sitiyari. Na yunƙura, cikina ya danne hon. Hon ɗin ma ba irin wanda na yi wa Kulu tanadi ba ne, wani ɗan siririn kuka ne kamar ɗan akuya ya ɓata da uwarsa. Duk yunƙuri sai ya yi kuka, duk kuka sai taro ya kwanta. Ƙarshe Malam Shehu ya kama hammata ɗaya, Nasiru ya kama ɗaya, suka zaro ni kamar yadda ake zaro albasa daga busasshiyar ƙasa, rigar ta ce ɓarrr tun daga aljihu har ƙasa. Shehu ya dubi yagar, ya ce a hankali, “Kawo ta gobe in ɗinke.” Wannan tausayin ya fi dariyar ciwo.

Aka tura motar ta ƙofar. Ta shige ta tsakiya, hagu da dama fili kamar an saki ƙwaro a masallacin idi. Kowa ya gani, ba wanda ya faɗa: ko ta ƙofar da awaki ke bi za ta shiga, ceɗiya na tsaye.

Nasiru ya kwana biyu ya koma. Ya ce in na yarda zai nemi mai saye a Abuja. Na ce a bar ta tukuna, ina nazari. Kira ya koma irin na da, an tashi lafiya, ba matsala, sai an jima. Lambara ba mu je ba, abokinmu ya rasu kafin damina, a kabu-kabu na je jana'iza ina cije baki. Wani lokaci da hantsi, in gidan ya yi mini faɗi, nakan buɗe ƙofar motar in zauna a gefen kujera ƙafafuna a waje, in murɗa ta, matar nan ta yi maganarta. Ban san me take cewa ba har yau, amma muryar mace ce a cikin gidan, kuma ba ta taɓa cewa tana shiga taro ba.

Abin da na koya, in har tsoho na koyo, shi ne ganyen albasa ban taɓa duba shi a waya ba. Da ƙafata nake zuwa gonar, in tsaya a cikinta, in san tsayinsa da tsayina. Kuma ban taɓa tone wadda ta nuna don in ba wadda ba ta tsiro ba wuri. Sai da na tsufa.

Kulu ba ta samu zuwa ranar ba, ƙafa ta hana ta, amma labari ya je mata Shagari kafin a wanke tukwanen shinkafa. Rannan da azahar sai ga ta a bayan kabu-kabu. Ta sauka, ta tsaya inda ceɗiya take a da, ta ɗora hannu a goshi tana kare rana. Ta dubi kututture, ta dubi ƙofa, ta leƙa ta dubi motar, sannan ta dube ni ina maƙure a 'yar inuwar katanga ni kaɗai.

Ta ce, “Ina mutane?”

Na ce, “Suna kasuwa.”

Ta ce, “Wagga ita ta abin da anka yi wa yanka?”

Na gyara zama, na ɗauko muryar da nake ciniki da ita. Na ce, “Kulu, ke ba ki san zamani ba. Wagga mota da kike gani, ko ɗigon mai ba ta sha.”

Ta ce, “Awo. Ceɗiyar Rabi ma ba ta shan mai, kuma ita duk unguwa taka ɗauka lokaci guda.”

Na matsa mata ta samu inuwa.